Tarihin kututture: yadda sassabe ya taɓa lafiyar ƙasa, dabba da yaro a Maraɗi da Damagaram

Yau tarihin gona za mu taɓa.

Idan yara suka cika likita da tamowa a watan Agusta, ko awaki suka riƙa faɗuwa a bazara, abin da muka saba faɗa shi ne damana ba ta yi kyau ba. Gaskiya ne, ruwa na Allah ne. Amma wanda ya bi tarihin shekara ɗari da ta wuce a kudancin ƙasar nan zai ga akwai wani abu da ke hannunmu, wanda ya yi ta juya lafiyar ƙasa da ta dabba da ta mutum tare: abin da manomi ke yi da kututturen icce ranar da ya shiga gona sassabe.

Mu fara daga Damagaram. Tsofaffi har yau suna ba da labarin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, cewa ya kafa doka mai tsanani a kan saran gawo. Ba a banza ya yi ba. Gawo icce ne mai saɓa wa 'yan uwansa: da damana, lokacin da kowane icce ke yin ganye, shi zubar da nasa yake yi, don haka ba ya rufe wa hatsi rana. Da rani kuma, lokacin da daji ya bushe ƙayau, shi ne kore shar. Ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma suna faɗowa daidai lokacin da dabba ba ta da abin ci. Saniya ta zo inuwarsa ta ci 'ya'yan, ta bar kashi a wurin. Shi ya sa duk manomi ya san zangarniyar da ke ƙarƙashin gawo ta fi ta fili kauri.

A wancan zamani mutane kaɗan ne, daji da yawa. In gona ta gaji sai a bar ta saura shekaru, sabara da kalgo da geza su rufe ta, a koma wani wuri. Bayan kaka manomi da kansa ke neman Bafulatani ya sauka a gonarsa, ya ba shi hatsi da ruwan rijiya, shanu su ci kara su zuba taki. Matar Bafulatani ta kawo nono, ta koma da tsaba. Kada dai a ɗauka aljanna ce: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta kashe jama'a ba adadi, kuma a lokacin daji yana nan. Abin da ake cewa kawai shi ne, ƙasa tana da hanyar hutawa, dabba da gona kuma suna ciyar da juna.

Abu biyu suka zo da Turawa suka karya wannan tsari, kuma sun zo kusan tare.

Na farko gujiya. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1912, gyaɗa ta zama kuɗi a duk ƙasar Hausa. Faransa tana son mai, talaka kuma dole ya biya lanho da tsabar kuɗi. Ina zai samo? Sai gujiya. Maraɗi, Tasawa, Magarya da Matamai suka zama wuraren awo, kamfanoni suka buɗe kantuna, aka kafa injinan matse mai. Bayan samun 'yanci gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don sayen gujiya, kuma a shekarun 1960 fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga abin da take fitarwa waje daga gujiya yake. Manyan alhazan Maraɗi da yawa daga nan arzikinsu ya taso. To amma gujiya tana son fili. Aka sare daji, aka rage barin saura, gonaki suka riƙa hawa arewa suna cin makiyaya, har sai da gwamnati ta sa doka a 1961 ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba a arewa. Dokar tana nan a takarda, gonaki kuwa sun daɗe da tsallake ta. Ga shi kuma ita gujiya tumɓuke ta ake yi gaba ɗaya, a kwashe harawa, a bar rairayi tsirara tun daga kaka har faɗuwar ruwa.

Malaman gona na lokacin, da abin da aka koya masu suka zo. Manomin kirki shi ne mai gona fes, babu kututture, babu tsiro, don garmar shanu ta wuce ba cikas kuma shuka ta tafi a layi. Wanda ya bar sabara a gonarsa rago ne, har dariya ake yi masa.

Na biyu doka. A 1935 Faransa ta fitar da dokar daji ta ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka, wadda ta maida itatuwa masu daraja ƙarƙashin ikon hukuma. Dokar daji ta Nijar ta 1974 ta bi wannan sawu, gawo kuma yana cikin itatuwan da aka hana taɓawa. Niyya mai kyau ce, a kare icce. Amma ku duba yadda abin ya kasance a ƙauye. Icce ya tsiro a gonarka, kai ka raine shi, amma in ka sare reshe ɗaya don gyaran rumbu, ɗan gandun daji ya ci ka tara. Baƙo kuwa ya je birni ya yanki takardar izini, ya zo ya sare shi a gabanka, ba ka da ta cewa. To wane ne zai raini abin da zai jawo masa tara? Mutane suka gane cewa hanya mafi sauƙi ita ce a kashe icce tun yana ƙarami, kafin idon hukuma ya gan shi. Dokar da aka yi don kare icce ita ta koya wa manomi ƙin icce. A ganina wannan ya fi fari ɓarna, don fari yana zuwa ya wuce, wannan kuwa kowace shekara ake maimaita shi da gatari.

Da farin 1968 zuwa 1974 ya zo, ƙasa ba ta da riga. Dabbobi suka mutu garke-garke. Sojoji suka kifar da gwamnatin Jori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, kuma maganar yunwa da rabon taimako tana cikin manyan dalilan da suka bayar. A 1975 wata cuta da darɓa ke yaɗawa ta faɗa wa gujiya a Nijar da arewacin Najeriya ta gama da ita. Gujiya ba ta sake komawa matsayinta ba. Ta tafi ta bar mu da gonaki gajiyayyu.

A nan nake son mu ɗan daɗe, don a nan ake ganin yadda ciwo ke tashi daga ƙasa ya shiga jikin dabba, ya ƙare a jikin yaro.

Gonar da ba icce, iskar farkon damana ba ta da mai tare ta. Hatsi ya tsiro, iska ta kwaso rairayi ta yanke shi ko ta binne shi. Manomi ya sake shuka, wani lokaci har sau uku ko huɗu. Kowace shuka iri ce da aka ɗebo daga abin da iyali za su ci, kuma kowace maimaitawa tana rage kwanakin da hatsi zai samu kafin ruwa ya ɗauke. Ƙasar da ta rasa taki kuma ƙuduji ke mamaye ta, ya tsotse hatsi tun daga saiwa.

Babu icce, babu itacen girki. Mata suka koma yin tafiyar awoyi neman abin hura wuta, wasu da ciki, wasu da goyo. Da abin ya ƙi, sai aka koma ƙona kara da busasshen kashin shanu. Kun ga an shiga zobe ke nan: karan da zai rufe ƙasa ya ciyar da dabba, da kashin da zai zama taki, duka sun tafi murhu. Hayaƙinsu kuma a ƙirjin uwa da na jaririn da ke bayanta yake sauka. Uwar da ta yini a daji ba ta da lokacin dama wa yaro kunu sau uku.

Dabba ita ma haka. Jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai, wadda aka buɗe mata cibiya ta musamman a Maraɗi a 1963, ita ce bankin mace kuma ita ce saniyar talaka. Abincinta a rani ganyen itatuwa ne da 'ya'yan gawo da na kalgo. In babu su, nono ya ƙafe tun watan Maris. Furar yaro ta koma gari da ruwa. Haka miya: kuka, ganyen jiga, aduwa, magarya, ɗanya, kanya, duk waɗannan da yara ke tsinka a hanya ba tare da an kira su abinci ba, su ne ke cike abin da tuwon hatsi ba ya bayarwa. Da suka ɓace babu wanda ya rubuta a takarda cewa an yi asara, amma jikin yara ya nuna.

Gwamnati ba ta zauna ba. Aka maida ranar 3 ga Agusta ranar dashen icce. A kwarin Majiya, wajen Buza, ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan bedi masu tare iska a 1975, kuma wannan aiki ya yi kyau. A watan Mayu 1984 Janar Seyni Kunce ya tara babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Sai dai mafi yawan dashen da aka yi a wurare da dama bai rayu ba. A kawo ɗan icce daga gandun reno a leda, a dasa, a yi hoto, a tafi. Rana ta ƙone shi, gara ta ci, akuya ta gama da saura. Kuma ko ya rayu, na wa ne?

A cikin masu wannan wahala akwai wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa a 1983, yana hanyar kai dashe ƙauye, ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi, sai idonsa ya faɗa kan ɗan tsiron da ke bakin hanya. Da ya duba ganyen da kyau sai ya ga ba ciyawa ba ce, icce ne da aka sare, kututturen yana raye, saiwarsa tana can ƙasa mai zurfi, kowace shekara yana tohowa, kowace shekara ana sake sare shi. Dajin bai mutu ba, yana ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ya biyo baya shi muke kira sassabin zamani, kuma babu wani sirri a ciki. In ka zo sassabe, maimakon ka share kututture duka, sai ka zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa ka bari, ka cire saura. Ka rage ƙananan rassan gefe da wuƙa ko gatari mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Wasu sukan ɗaura ƙyalle don a san mai shi yana so. Da yake saiwar ta riga ta girma, a shekara biyu zuwa uku sai ka ga icce ya fi mutum tsawo. Ba leda, ba ban ruwa, ba ko dala.

Da farko mutane ba su karɓa ba, har mahaukaci suka kira shi. Sai ga yunwar 1984, wadda aka sa wa suna El-Buhari saboda a shekarar ce Najeriya ta rufe iyaka, hanyar ci-rani da ta hatsi ta toshe. SIM ta shiga rabon abinci a ƙauyuka kusan ɗari, da sharaɗin kowa ya bar itatuwa a gonarsa. Aka bar wajen dubu ɗari biyar. Da rabo ya ƙare, kusan kashi biyu cikin uku aka sare. Wannan ya kamata masu kawo mana ayyuka su riƙa tunawa: abin da aka yi don buhu, da buhu yake tafiya. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga hatsi bai ragu ba, ga itace a ƙofar gida, ga abin sayarwa. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Daga nan abin ya riƙa tafiya daga gona zuwa gona ba tare da mota ko lasifika ba.

Kada kuma a ce Bature ne ya koya wa Bahaushe icce. A Magarya, Matamai da Mirya, inda mutane suka fi cunkoso kuma saura ta ƙare tun da daɗewa, manoma da kansu suka koma rainon gawo don ba su da kuɗin takin zamani. Sanin yana nan tun zamanin Tanimun, tsoro ne ya danne shi. Abin da ya sake shi kuwa har da raunin hukuma: daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, kuɗin gwamnati ya ƙare, siyasa ta rikice, 'yan gandun daji suka rage shiga ƙauye. Manomi ya fara ɗaukar iccen gonarsa nasa ne tun kafin doka ta ce haka. A Ɗan Saga, cikin Agye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaro, da maza da mata da Fulani, suka sa tara a kan mai saran sata. A jihar Tawa kuma, inda fako ya fi yawa, wasu manoman Ilela suka je Yatenga a Burkina Faso a 1989 suka ga ramukan da ake haƙawa a zuba taki, suka dawo suka inganta tassa, har mutane suka fara sayen fakon da a da ko kyauta ba a so.

Abin mamaki, sai wajen 2004 zuwa 2006 duniya ta farga. Masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na 1975 da na sabon zamani, suka ga ƙauyukan da mutane suka ninka amma itatuwa sun fi na da yawa nesa ba kusa ba. Ƙiyasinsu ya kai hekta miliyan 5 da icce wajen miliyan 200. An kuma ƙiyasta ƙarin hatsi tan dubu 500 a shekara, kodayake wannan lissafi ne na masana, ba awon tiya ba. Rinaudo ya samu babbar kyautar Right Livelihood a 2018, tare da Yacouba Sawadogo na Burkina.

Irin wannan tunani ya shiga wasu fannonin. Murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, ta zama annoba ne bayan farin shekarun 1970. Fesa mata guba yana da tsada, kuma yana kashe har ƙwarin da ke cin ta. Masu bincike na INRAN a Maraɗi suka koma kiwon wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro, a sa shi a ƙananan buhunan algarara a rataye a ƙauye, ya fita ya kashe tsutsar. Haka wake: shekara da shekaru ana zuba masa maganin ƙwari irin su piya-piya a buhu, mutane su ci su kwanta ciwo. Buhun PICS mai ninki uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi aka fara yaɗa shi wajen 2007, yana toshe iska ne kawai ƙwaro ya mutu. Duk da haka ku leƙa kasuwa ranar cin ta, ku ga kwalaben guba marasa takarda a shimfiɗe kusa da kayan miya, ku ga yaro yana feshi a garka ba takalmi ba abin rufe hanci.

To, in icce ya dawo haka, me ya sa Maraɗi har yanzu take gaba a tamowa? Tambaya ce da ya kamata a yi, don masu yabon sassabin zamani a tarukan waje sukan tsallake ta. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, likitocin MSF sun yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, wato a tsakiyar inda itatuwan suke. Gidajen da ke da icce sun sayar da itace da 'ya'yan gawo sun sayi tiya, wannan ya taimaka ƙwarai. Amma icce ba ya ƙara faɗin gona. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maraɗi kaɗai, kusan yawan mutanen Nijar duka a lokacin samun 'yanci. Gandu ya rarrabu har ya zama ɗan tsito. Kuma in gona ta yi kaɗan, wadda ake fara karɓe wa gamana ita ce mace. A wasu ƙauyukan kudancin Maraɗi har suna aka ba abin, kullen gona: a ce mace ta huta da noma, alhali filin ne babu. Ita ce kuwa mai shuka wake da kuɓewa da yakuwa da ke shiga tukunyar yara. Ga bashin da ake ci a bazara a biya da hatsi a kaka lokacin da ya fi araha, ga masassarar cizon sauro da zawo da ke zuwa daidai lokacin da rumbu ya ƙare.

Sai maganar makiyayi, wadda ita ce ta fi nauyi. Tsohuwar yarjejeniyar taki da kara ta mutu a wurare da yawa. Manomi yanzu yana da dabbobinsa da amalankensa, yana kwashe kara da harawa ya ɗora a kan icce ko ya kai kasuwa. Burtali ya matse, gonaki sun kewaye tafkuna. Mun san inda wannan ya kai mu: ranar 30 ga Oktoba 1991, a Toda cikin Gidan Rumji, an kashe Fulani fiye da ɗari, mafi yawansu mata da yara. Dokar karkara ta 1993 da kwamitocin filaye da aka kafa bayanta, da shata burtali da aka yi da turaku, sun rage zubar da jini, kuma dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne.

Dokar daji ta 2004 ta sassauta wa manomi, sannan a watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar masa da cewa iccen da ya raina a gonarsa yana da haƙƙi a kansa. An daɗe ana jiran wannan. Sai dai gawon da a da kowace saniya mai wucewa ke cin 'ya'yansa, yanzu da asuba yaran mai gona ke tsince su a buhu, a kai kasuwa a sayar wa masu turka a birni. Bafulatanin da ya sauko daga arewa a watan Maris, ya tarar da gona ba kara, ƙarƙashin gawo an share, in ya ɗaga sanda ya kakkaɓe reshe kwamitin gari ya kama shi. Takin da shanunsa za su zuba a gonar kuma ya tafi tare da su.